Silo Ya Hau, Inji Na Gargada: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsohuwar A-kori-kura

Waɗannan tambayoyi ne da masu tsofaffin a-kori-kura masu shan fetur suke yawan yi, musamman ƙirar 1980 zuwa farkon shekarun 2000, masu kafireto da masu injekta. Alƙaluman da ke ciki na gama-gari ne. Inda littafin motarka ko takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet suka faɗi wani abu daban, nasu za ka bi.

Nawa ne silo na daidai, kuma daga ina ake cewa ya hau?

Idan inji ya ɗauki zafi sosai, giya tana furi, an kashe na'urar sanyaya mota da fitilu, yawancin waɗannan motoci suna zama tsakanin zagaye 600 da 800 a minti ɗaya. Manyan injuna masu silinda takwas sun fi zama ƙasa-ƙasa, masu silinda huɗu irin Toyota 22R-E kuma wajen 750. Idan an tayar da inji da sanyi, silo yakan kai 1,200 ko 1,500, kuma da gangan aka yi shi haka, domin fetur ba ya ƙonewa da kyau a inji mai sanyi. Abin da ake so shi ne ya riƙa sauka a hankali cikin 'yan mintoci. Injin da ya yi zafi amma ya kafe a 1,000 ko sama da haka yana da matsala.

Me ke sa silo ya hau tun asali?

Iska. Injin fetur ba zai iya gudu fiye da iskar da yake samu ba. Ko ka kwarara masa mai, in iska ba ta ƙaru ba sai dai ya shaƙe ya yi baƙin hayaƙi, ba zai hau ba. Saboda haka duk injin da silonsa ya hau, akwai iskar da ke shiga fiye da kima, kuma hanyoyinta uku ne: ko faifan totur, wato ƙyauren iska da fedal ke buɗewa, bai rufe ba, ko bawul ɗin silo ya buɗe fiye da yadda ya kamata, ko kuma iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, wato tsagaggen tiyo ko gasket da ya mutu. Babban abin da yake ɗaga silo ba tare da ƙarin iska ba shi ne tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, in ya yi gaba, kuma shi ma ba ya ɗaga shi da yawa.

Idan hawan silo ya haɗu da gargada a lokaci guda, satar iska ce ta fi kusa da zargi. Iskar da ta shiga ta tsaga ba ta rabuwa daidai tsakanin silindoji: wadda ke kusa da tsagar takan sami iska mai yawa da mai kaɗan, sai ta riƙa yin misin, sauran kuma suna gudu.

Ta ina zan fara kafin in sayi wani abu?

Da ido da hannu, inji a kashe. Cire murfin matatar iska, ka kama hannun totur a jikin inji ka tura shi wajen rufewa. In ya motsa ko da kaɗan, to ba ya komawa mazauninsa da kansa: duba kebul ɗin totur ko ya yi tsauri ko ya fara tsinkewa a cikin kubensa, duba sifirin da ke mayar da shi, duba kebul ɗin kurus, na'urar da ke riƙe gudun mota da kanta, in akwai, sannan ka leƙa ko tabarmar ƙasa ta danne fedal. Kebul yana buƙatar ɗan sassauci idan ƙafa ba ta kan fedal.

Daga nan ka bi kowane tiyon bakyum da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, kana lanƙwasa shi. Tsagar takan ɓuya a ƙarƙashi ko a bakin da ya shiga ƙarfe. Ka kuma tuna aikin da aka yi wa motar na ƙarshe. Matsalar da ta fara bayan an taɓa inji, galibi tiyo ne aka manta ba a mayar ba, ko soket ɗin da bai shiga da kyau ba.

Yaya ake gano inda inji ke satar iska?

Hanya mafi sauƙi ita ce matsewa. Inji yana silo, ka ɗauki filaya mai santsin baki ka matse tiyo ɗaya-ɗaya kusa da manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska. Wanda ka matse silo ya sauka ko inji ya daidaita, matsalar tana kan wannan layin. Fara da manyan biyu: tiyon bustar birki da tiyon bawul ɗin PCV, mai janye tururin cikin inji zuwa manifol. Ƙananan tiyo ba safai suke ɗaga silo da zagaye ɗari biyar ba, manya ne ke yin haka. Shi PCV ka cire shi ka girgiza, in ba ka ji ƙwaƙwas-ƙwaƙwas ba ya daskare. Wanda ya daskare a buɗe kuwa ƙofa ce ta iska.

Wajen gasket sai a yi amfani da feshi. Ana fesa ruwan wanke kafireto kaɗan-kaɗan a gindin gidan totur ko gindin kafireto, da layin da manifol ya haɗu da kan inji, da gindin kowace injekta, da bakin sandar da faifan totur ke juyawa a kanta. Inda sautin inji ya canza, nan ne. Wannan ruwa yana kama wuta, don haka a yi shi a fili, inji bai yi zafi can ba, nesa da manifol ɗin salansa da wayoyin fulogi, kuma da abin kashe gobara a kusa. Ruwa zalla a kwalbar feshi ya fi aminci, yana toshe tsagar na ɗan lokaci har sauti ya canza, sai dai ba ya nuna ƙananan tsagogi sosai. A motocin Chevrolet da GMC masu TBI, wato injekta da ke zaune a saman gidan totur, na 1987 zuwa 1995, gasket ɗin da ke ƙarƙashin gidan totur sananne ne wajen mutuwa, nan ya kamata a fara fesawa.

Gwajin hayaƙi ya fi duka biyun. Inji a kashe, a toshe bakin shigar iska, a hura hayaƙi ta tiyon busta da matsi kaɗan, a duba inda yake fitowa. Amma akwai wurin da feshi da hayaƙi ba sa nunawa daga waje: gasket ɗin manifol na injin V6 ko V8 idan ya mutu ta ciki, yana zuƙar iska daga cikin inji. Alamarsa ita ce shan baƙin mai ba tare da yoyo ba, da fulogi ɗaya ko biyu masu maiƙo.

Me ya sa tsagar tiyo ke ɗaga silo a wata mota, a wata kuma ta sa inji ya nemi mutuwa?

Ya danganta da yadda ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ke auna iska. Motar da ke da sensar MAP, kamar GM masu TBI da yawancin Ford masu injekta na ƙarshen shekarun 1980, matsin da ke cikin manifol take aunawa. Duk iskar da ta shiga, ko ta ina ta biyo, sensar za ta ji ta, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai. Sakamakon shi ne silo mai tsayi, sau da yawa ma ba gargada, tamkar an ɗan taka totur.

Motar da ke da MAF, wato sensar da ke auna yawan iskar da ke shiga, ko ma'aunin iska mai ƙyaure irin na 22R-E, iskar da ta bi ta cikin ma'aunin kaɗai take ƙirgawa. Wadda ta shigo ta bayansa ba a ba ta mai, sai inji ya riƙa kakkarwa, yana neman mutuwa a tsaye. A irin wannan mota ka cire babban tiyon roba da ke tsakanin ma'aunin da gidan totur, ka buɗe kowane lanƙwashinsa a gaban haske. Tsagar da ke cikin lanƙwasa takan buɗe ne kawai idan inji ya jirkita lokacin da aka sa giya.

Ba zan iya kwance sukurun silo kawai in rage shi ba?

A motar injekta, a'a. Ƙaramin sukurun da faifan totur ke zama a kansa ba na gyaran silo ba ne. Daga masana'anta aka saita shi don kada faifan ya maƙale a jikin bututu. In ka taɓa shi, ka canza abin da sensar TPS, mai auna buɗewar totur, ke karantawa, ka ƙara matsala ta biyu a kan ta farko. Wasu injuna kamar 22R-E suna da sukurun silo na gaske a saman gidan totur, to amma shi ma in sai ka ɗaure shi har ƙarshe kafin silo ya sauka, iska na shiga ta wani wuri. Koma ga amsar satar iska.

Yaya zan san ko bawul ɗin silo ne ya lalace?

Wannan bawul, wanda ake kira IAC, hanya ce da ke kewaye faifan totur, ƙwaƙwalwa tana buɗe ta tana rufewa. A Ford gwajin ba wuya: inji ya yi zafi, ka zare soket ɗinsa. Silo ya kamata ya faɗi sosai, ko ma inji ya mutu. In ya faɗi, bawul ɗin yana aiki, ƙwaƙwalwa ce ke umartar sa ya buɗe, sai ka duba amsar sensar zafi da ta TPS. In bai canza ba, ko dai bawul ɗin ya maƙale a buɗe, ko iskar daga wani wuri take.

A GM zare soket ba ya nuna komai, domin nasu yana tsayawa ne a inda yake. Da sikana, na'urar karanta bayanan ƙwaƙwalwa, ake karanta matakinsa. Idan ta nuna sifili alhali silo yana sama, ƙwaƙwalwa ta riga ta rufe iyakar iyawarta, ba laifinta ba ne. A TBI za ka iya toshe ramin iskar bawul ɗin da yatsa: in inji ya ci gaba da gudu, akwai wata ƙofar. Wajen wanki, a cire bawul a goge tsininsa da mazauninsa da ruwan wanke totur, kada a jiƙa ɓangaren lantarkin, kada kuma a tura tsinin ko a ja shi da ƙarfi. Sabon gasket ake sawa. Bayan an mayar, wasu motoci sukan ɗauki ɗan tuƙi kafin silo ya zauna.

Inji ya yi zafi amma silo bai sauka ba. Ina ruwan tamostat da wannan?

Ruwansa ne sosai. Ƙwaƙwalwa ba ta sauke silo sai ta tabbata inji ya yi zafi, kuma sensar zafin ruwa ce ke gaya mata. In an cire tamostat, ko ya maƙale a buɗe, ruwa ba zai kai digiri 82 zuwa 90 da ake bukata ba, motar za ta yi ta zama a yanayin sanyi: silo a sama, mai na tafiya, fulogi na yin baƙi. Cire tamostat ba maganin zafin inji ba ne a motar injekta, ɓarna ce. Haka kuma in ruwan lagireto ya yi ƙasa ko iska ta taru a ciki, bakin sensar zai zauna a busasshen wuri ya riƙa ba da labarin ƙarya. A wasu Toyota, zafin ruwan ne da kansa yake rufe bawul ɗin ƙarin iska da ke jikin gidan totur. Ƙananan tiyon ruwan da ke zuwa wurin in suka toshe da tsatsa, bawul ɗin ba zai taɓa rufewa ba.

Ana auna sensar da mita. Ta GM takan nuna kusan ohm 3,500 a digiri 20, ta sauko wajen 180 a digiri 100. Ta Toyota ohm 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, sannan 200 zuwa 400 a digiri 80. A kula: yawancin waɗannan motoci sensa biyu gare su, ɗaya mai waya ɗaya ta agogon dashbod, ɗaya mai waya biyu ta ƙwaƙwalwa. Agogo zai iya nuna daidai alhali ta ƙwaƙwalwar ta mutu.

TPS fa?

Makulli a kunne, inji a kashe, ka sa mita a wayar sigina. Totur a rufe ana ganin wajen bolt 0.5 a GM, kusa da bolt 1 a Ford. Buɗe totur a hankali, lamba ta riƙa hawa ba tsalle ba yankewa har wajen bolt 4.5. In ta yi sama tun totur na rufe, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka ƙafarka na kan fedal, ta bar bawul ɗin silo a buɗe.

Tawa mai kafireto ce. Me ya shafe ni a cikin wannan?

Duk maganar satar iska ta shafe ka. Bayan ita, cok ne na farko. Idan inji ya yi zafi, faifan cok ya tsaya a miƙe sak. In ya ɗan karkata, ɗan ƙarfe mai matakala da ke riƙe totur lokacin sanyi bai sauka ba, silo zai zauna a sama. Tura shi da yatsa ka gani; sau da yawa datti ne kawai ya riƙe shi, ko wayar da ke ɗumama cok ta yanke. A kafireto mai maƙogwaro biyu ko huɗu, faifan baya yakan maƙale a ɗan buɗe, kuma ba ya ganuwa sai ka tura hannunsa.

Ga gwaji mai amfani: ka rufe rabin bakin kafireto da tafin hannu a hankali, kana tsaye a gefe, ba fuska a kai ba. In inji ya ƙara gudu ya yi santsi, mai ya yi masa kaɗan, wato akwai satar iska ko hanyar man silo ta toshe. In ya nemi mutuwa nan take, ba nan matsalar take ba. Leƙa ciki kuma da tocila: bai kamata ka ga mai yana ɗiga daga babban bututu a silo ba. In yana ɗiga, fulot ya yi sama ko allurarsa ba ta rufewa. Sukurun haɗa mai da iska ana ɗaure shi a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba, a kwance zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, daga nan a fara saiti. Sukurun da ka juya inji bai ko kula ba yana nuna faifan totur ya buɗe da yawa, har inji ya daina shan mai ta hanyar silo.

Silo yana hawa yana sauka da kansa, kamar ana wasa da totur.

A motar injekta, idan totur na rufe kuma gudun inji ya wuce wata iyaka, ƙwaƙwalwa takan ɗauka gangara kake sauka, sai ta yanke mai. Inji ya faɗo, ta mayar da mai, ya sake hawa. Wannan hawa-da-saukar alama ce kawai ta silon da ya yi tsayi, kuma 22R-E ya yi suna a kai. Gyara abin da ya ɗaga silon, ita ma za ta tafi. Fara da ruwan lagireto kamar yadda aka yi bayani a amsar tamostat.

Da na taka birki sai silo ya canza. Me ke nan?

Ɗan motsi kaɗan ba komai. Amma in inji ya yi gargada muddin ƙafa na kan birki, ko kana jin huci a ƙarƙashin dashbod, fatar cikin busta ta yage. Kashe inji, taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, riƙe shi, ka tayar da inji: fedal ya kamata ya ɗan nutse. In bai nutse ba, kada a ɗaga wannan gyara zuwa gobe, domin birki ne.

Silo daidai yake, gargadar ce kawai. Ina zan duba?

Nemo silindar da ba ta aiki. Inji yana silo, ka zare soket ɗin injekta ɗaya-ɗaya. Kowace ka zare, gudu ya kamata ya faɗi daidai da na sauran. Wadda ka zare ba abin da ya canza, ita ce matacciya. In motar ba ta da injekta ga kowace silinda, sai a cire wayar fulogi da filaya mai rufin roba, a kusantar da ita jikin inji don wutar ta sami wurin sauka, kuma kada a daɗe, saboda ɗanyen mai yana lalata katalis, matatar hayaƙi da ke layin salansa.

Daga nan cire fulogin ka karanta shi. Baƙi mai gari, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Mai maiƙo, baƙin mai na hawowa. Wanda ya fi sauran tsabta kamar an wanke shi, ruwa ne ke shiga silindar, a yi zargin gasket ɗin kan inji. Musanya fulogi da waya da na wata silinda ka ga ko matsalar ta bi su. Buɗe hular distiributa ka nemi tsaga, danshi, ko siririn layin baƙi, ka girgiza sandar rota ka ji ko tana da wasa. Da dare, wayoyin da suka tsufa sukan nuna tartsatsi in an fesa musu ruwa kaɗan. In an taɓa cire wayoyin, tabbatar da jerinsu: a ƙaramin V8 na Chevrolet mai distributa 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, kuma 5 da 7 ne aka fi juyawa.

In gargadar ta shafi dukan silindoji, tana ɓacewa da an taka totur, duba bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji. A silo dole ya kasance a rufe ruf. Ƙwayar gawayi ɗaya in ta tokare shi, hayaƙin salansa zai riƙa komawa cikin manifol. Zare tiyon bakyum ɗinsa: in inji ya daidaita, bakyum ne ke zuwa masa ba a lokacinsa ba, in bai daidaita ba, cire bawul ɗin ka duba mazauninsa.

Matsin mai nawa ya kamata in gani?

Kafireto mai famfon inji, psi 4 zuwa 7. GM mai TBI, 9 zuwa 13. Yawancin Ford masu injekta, 30 zuwa 45. GM Vortec mai lita 4.3, 5.0 ko 5.7 na ƙarshen shekarun 1990, 60 zuwa 66, kuma wannan ba ya yafe ko da 'yan psi kaɗan. Cire ƙaramin tiyon bakyum na regiletar matsin mai, in motarka tana da shi, ka sansana: in akwai fetur a ciki, fatarta ta yage, inji yana zuƙar ɗanyen mai kai tsaye.

Fitilar cek-injin ba ta kama ba. Sikana tana da amfani?

Tana da shi. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da OBD-II, tsarin bai-ɗaya na karanta matsala da sikana. Lambar P0507 na nufin silo ya wuce yadda ake so, P0171 da P0174 mai ya yi kaɗan, P0300 misin a ko'ina, P0301 zuwa P0308 kuma lambar ƙarshe ita ce silindar. Amma abin da ya fi lambobi amfani shi ne gyaran mai da ƙwaƙwalwa ke yi, wanda sikana ke nunawa da kashi cikin ɗari. Ƙasa da kashi 10 ba damuwa. In ya haura 15 a silo, sannan ya sauko idan ka riƙe inji a zagaye 2,500, satar iska ce. In ya ƙaru da gudu, famfon mai, matatar mai ko MAF mai datti ake nema.

Motocin da suka girmi 1996 suna ƙifta lambobinsu da fitila: a GM ana haɗa ramin A da B na soket ɗin ƙarƙashin dashbod, a Toyota kuma ramin TE1 da E1 na soket ɗin gwaji da ke ƙarƙashin bonet.

Na bi duk wannan, har yanzu yana gargada. Saura me?

Tayimin da lafiyar inji kanta. Ba a duba tayimin a motar injekta sai an hana ƙwaƙwalwa sa hannu: a Ford a zare ɗan soket ɗin da ake kira SPOUT, galibi digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa ake nema; a 22R-E a haɗa TE1 da E1, digiri 5; a GM mai TBI a raba waya mai ruwan ƙasa da ratsin baƙi. Alamar da ke rawa a ƙarƙashin fitilar tayimin tana nuna sarƙar tayimin ta saki ko distiributa ta ci.

Sai agogon bakyum, wanda ake haɗawa da manifol. Inji mai lafiya yana nuna inci 17 zuwa 21, allura a tsaye cak, kuma a tudu lambar tana raguwa da kusan inci ɗaya a kowace mita 300. Allura a tsaye amma ƙasa, satar iska ko tayimin da ya yi baya. Allurar da ke faɗuwa tana dawowa a kai a kai, bawul ne ya ƙone ko ba ya rufewa. Wadda ke sauka a hankali idan an riƙe inji a 2,500, salansa ko katalis ya toshe.

Na ƙarshe kwamfireshan. Inji da ɗumi, an cire dukan fulogogi, an kashe wuta da mai, totur a buɗe. Silinda mafi rauni kada ta gaza kashi 75 na mafi ƙarfi. In ɗaya ta yi ƙasa, zuba cokali ɗaya na baƙin mai ka sake aunawa: in ta hau, ringi ne, in ba ta hau ba, bawul ne. Biyu maƙwabta in suka faɗi tare, gasket ɗin da ke tsakaninsu ya ƙone. A injin da ake saita bawul da hannu, a auna tazararsu kafin a yanke hukuncin buɗe inji. A 22R da 22R-E milimita 0.20 ne na shiga, 0.30 na fita, inji da zafi, kuma bawul ɗin fita da ya matse yana ba da gargada iri ɗaya da wanda ya ƙone.